Kafaffen idon kyamara (lens) mai faɗi na yau da kullum: wanne zan saya da riyal 800?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Shawara nake nema. Ina da kyamara Canon 700D da na saya ta hannu, da idon da ta zo da shi, 18-55, sai kuma 50mm f/1.8 ɗin nan da kowa ke yabo. Hamsin ɗin yana fitar da fuska tas, ba ni da ta cewa, amma a cikin ɗaki ba ya aikatuwa. In muna zaune a majalisi sai na ja da baya har na jingina da bango, duk da haka mutum uku kawai ke shiga. A lungunan Balad, tsohon garin Jidda, ma haka, taga ɗaya nake samu, gidan ba ya shiga. Shi kuma 18-55 yana kwaso komai, amma da magariba ta yi sai hoto ya koma dishi-dishi. Ina son kafaffen ido, mara zum, mai faɗi, mara nauyi, wanda zan bar shi a kan kyamara kullum: yara, walima, yawon Kornish, kasuwa. Abin da na ware riyal 800 ne, in ta kama zan iya kaiwa dubu. Ina Jidda. Me kuka gani?

Sani_Riyad:
Wa alaikumus salam. EF-S 24mm f/2.8 STM, ka saya ka huta. Siriri ne kamar gurasa, giram 125 kacal, in ka ɗaura shi kyamarar har ƙaramar jaka tana shiga. Da Canon ta fitar da shi a 2014 dala 149 ta sa masa, a lissafin 3.75 wajen riyal 560 ke nan. Ko ka ɗora harajin kashi 15 bai kamata ya cinye maka 800 ɗin ba. Canjin ka sayi batir na biyu.

BaKano_Madina:
Malam Sani, idon da ka ambata mai kyau ne, amma a kan kyamarar Abu Hanan ba mai faɗi ba ne, gara ya sani tun kafin ya biya. Lambar da ke jikin ido ba ta gaya maka faɗin da za ka samu sai ka san girman sansar da ke bayansa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Babbar sansa milimita 36 ce a 24, girman tsohon fim. Ta 700D kuwa 22.3 ce a 14.9, tsakiyar hoton kawai take kamawa. Saboda haka kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6. Hamsin ɗinka ya zama 80, abin da ya sa kake jingina da bango ke nan. 24 ya zama 38. 18 na zum ɗin da ke hannunka ya zama kusan 29. Ka ga ke nan 24 zai fi hamsin faɗi nesa ba kusa ba, amma ba zai kai ƙarshen zum ɗin da kake da shi ba. Babban idon wayarka ma, wanda galibi 24 zuwa 26 ne a wannan lissafin, ya fi shi ɗaukar wuri.

Abu_Hanan:
Allah ya saka da alheri Malam. To in ina son faɗin da waya ke ba ni, lamba nawa zan nema?

BaKano_Madina:
15 ko 16. Kuma a nan matsalar take, domin Canon ba ta taɓa yi wa masu ƙaramar sansa na bakin EF-S (baki shi ne inda ake ɗaura ido a jikin kyamara) kafaffen 15 ko 16 ba.

Sani_Riyad:
Lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma ku koma ku karanta abin da ya ce: yara, walima, Kornish, kasuwa. Wannan duk aikin 35 zuwa 40 ne. Fujifilm X100 da mutane ke rububinta daidai da 35 take gani, ba zum, kuma da ita wasu ke yin komai nasu. 38 da 35 ai duk kanwar ja ce.

Takari_Makka:
Ya akhi ni dai 10-18 nake da ita, EF-S 10-18 IS STM. Na san ka ce ba ka son zum, amma ka saurare ni. Wannan adasar, wato idon, tana ba ka daidai 16 zuwa 29, giram 240, kuma tana da abin hana rawar hannu da ake kira IS. Sabuwarta dala 299 aka fitar, ta hannu kuwa in ka yi haƙuri a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, za ka samu a cikin kuɗinka. Ni a nan Makka aka haife ni, na san gidajenmu, ɗakunan haya na Misfala da na Shari Mansur ba wurin ja da baya. Ranar suna in dangi suka cika ɗaki, 24 ba za ta kwashe su ba wallahi.

Sani_Riyad:
Buɗewarta f/4.5 zuwa 5.6 ce fa, kuma lambar f in ta ƙaru hasken da ke shiga raguwa yake. Mutumin da ke kukan duhu za ka ba wa idon da ya fi nasa duhu?

Takari_Makka:
Ai tana da IS.

BaKano_Madina:
IS hannunka yake riƙewa, ba ya riƙe yaro. Gini ko masallaci da dare, zai taimake ka sosai, ka rage gudun shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ka samu hoto garau. Amma yaro mai guje-guje a tsakar ɗaki sai shota mai sauri, 1/125 ko sama, shota mai sauri kuma sai haske ya shigo da yawa. A nan f/2.8 ke da amfani. Sai dai kada a zuzuta shi fiye da kima: 18-55 ɗinka a kan 24 yana wajen f/4 ne, to f/2.8 ninki biyu na hasken kawai zai ba ka. ISO, lambar da in ka ɗaga hoto ke ƙara haske amma ya ƙara dishi-dishi, inda kake 3200 ka dawo 1600. A kan 700D wannan bambanci ana ganinsa, amma ba zai mai da dare rana ba.

Garba_Mai_Hoto:
Salamu alaikum yara na. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni na yi aikin situdiyo a Kano zamanin fim kafin in dawo Makka, kuma idon da ya ci da ni shi ne 28mm a kan Pentax. Babu mai saita kansa a lokacin. Da rana sai in sa f/8, in juya zoben nisa zuwa mita 3 da ɗan wani abu, shi ke nan, duk abin da ke tsakanin mita ɗaya da rabi har ƙarshen gani zai fito. Hawan Salla, ɗaurin aure, 'yan makaranta, haka muke yi. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, ido mai faɗi ba ya wahalar saiti, don haka kada ku raina waɗanda ake juyawa da hannu. Samyang suna da 14mm f/2.8 da 16mm f/2 masu bakin Canon. 14 ɗin zai ba shi 22, 16 ɗin zai ba shi kusan 26, daidai faɗin wayar da yake nema, ga kuma f/2. In ya sa 14 a f/5.6 ya tsayar da nisa a mita 2, daga mita ɗaya har bango komai a fili yake.

Abu_Hanan:
Baba Garba Allah ya ƙara girma. Wannan 16 f/2 ɗin ya ja hankalina.

Ummu_Sumayya:
Baba, da girmanka, amma bari in ƙara wani abu. Dabarar f/8 da rana take aiki. Shi kuwa Abu Hanan damuwarsa bayan magariba ce a cikin ɗaki, inda dole ya buɗe idon gaba ɗaya, kuma a f/2 in ka kuskure kaɗan idon yaron ya tafi. Tagar leƙen 700D ƙarama ce, ba irin ta kyamarorinku na da ba da aka yi domin saitin hannu. Sai dai ya kunna allon baya ya ƙara girman hoton sau 10 ya saita, kafin nan yaro ya bar wurin. Sannan duka biyun kowanne ya haura rabin kilo, 14 ɗin kuma gabansa a kumbure yake, ba ya karɓar filta, gilashin da ake ɗaurawa a gaban ido. Wanda ya ce yana son abin da zai rataya kullum, nauyi ne zai fara sa shi barin kyamara a gida.

Garba_Mai_Hoto:
Gaskiyarki 'yata, kyamarorin yanzu ba su da tagar da muka saba. Amma hannu yana koyo.

Injiniya_Damam:
Bari in faɗi abin da ya sa Abu Hanan ya faɗa wannan tsaka mai wuya, don ba laifin aljihunsa ba ne. Kyamara irin 700D tana da madubi a ciki mai ɗagawa, shi ya sa tsakanin bakin ido da sansa akwai milimita 44. Idon 16mm kuwa a ƙa'ida so yake ya matso kusa da sansa fiye da haka. Tunda madubi ya tare hanya, sai masu ƙira su jera ƙarin gilasai manya a gaba domin su tura hoton baya. Ƙarin gilashi, ƙarin nauyi, ƙarin kuɗi. Kyamarori marasa madubi ba su da wannan matsalar: bakin Sony E milimita 18 ne, Canon RF 20, Nikon Z 16. Shi ya sa a can za ka ga Canon RF 16mm f/2.8 mai giram 165 da aka fitar a 2021 a dala 299, ko Sony E 20mm f/2.8 da bai kai giram 70 ba, ko Viltrox 20mm f/2.8 da ke rufe babbar sansa ƙasa da dala 200.

To shawarata, mai ɗan ɗaci: kada ka zuba dubu a kan jikin 2013. Ka sayar da 700D da idanunta biyu, ka haɗa da dubun, ka nemi Sony a6000 ta hannu, daga baya ka bi ta da Sigma 16mm f/1.4. A kan Sony ninkin 1.5 ne, 16 ya zama 24 cif. Kuma f/1.4 idan ka gwada da f/3.5 na idon da ke zuwa da kyamara, hasken ya haura ninki shida. Wannan ne zai ba ka faɗi da haske da saitin kai a lokaci guda.

Sani_Riyad:
Injiniya, mutum ya zo tambayar ido na 800 ka ce ya sayar da komai nasa. a6000 ɗin ma ai ta 2014 ce, shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Injiniya_Damam:
Ba shekarar nake nufi ba, bakin nake nufi. Bakin E har gobe ana yi masa sababbin idanu masu araha, Sigma da Tamron da Viltrox da Samyang duk suna yi. EF-S kuwa Canon ta mai da hankalinta kan RF.

Ummu_Sumayya:
Sigma 16 ɗin nan ina da shi a kan a6400, da shi nake aikin ɓangaren mata a wuraren biki, inda namiji ba ya shiga kuma galibi ana hana ɗauka da waya. A zauren da fitilunsa ba su da ƙarfi babu kamarsa, in amarya ta shigo da ƙawayenta duka yana kwashe su ba tare da filashi ba. Amma giram 405 ne, ya fi tsayin da za ka zata, kuma ba na fita yawo da shi. Ranar da nake tare da yarana ƙaramin 20mm nake sawa.

Sannan akwai abin da ba wanda ya faɗa har yanzu. Ido mai faɗi sosai ba ya yi wa mutane adalci in ba ka iya da shi ba. Duk wanda ya faɗa gefen hoto sai ya buɗe, fuskarsa ta ja gefe, kafaɗarsa ta yi faɗi. In ka matsa kusa da fuska kuma hanci ya girma, kunne ya ƙanƙance. Maza ba su cika damuwa ba, amma ka ɗauki Hajiya a bakin layi da 10mm ka tura mata, za ka ji magana. Abin da nake yi: manya a tsakiya, in bar fili a gefe biyu ko da zan yanke daga baya, kyamara a daidai ƙirji ba a sama ba, kuma ba na matsawa ƙasa da mita ɗaya da rabi in fuska nake so. Da 24 a kan kyamararka wannan matsalar kusan babu ita. Wannan maki ne ga Malam Sani.

Takari_Makka:
Anti, ai ba dole ya tsaya a 10 ba. Mutane a 18, gini a 10.

Ummu_Sumayya:
In a 18 zai ɗauki mutane, ai yana da 18 tun tuni, kuma nasa ya fi haske.

Dan_Mai_Wurno:
Salam ya jama'a. Ni ɗan Mai Wurno ne ta wajen Sinnar, amma a Umdurman na yi zama kafin yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, yanzu ina Jidda. Ina so in goyi bayan faɗi, ba don lissafi ba. Ina da ƙaramar Panasonic da idonta 14mm f/2.5, giram 55, a wannan tsarin ninki biyu ake yi, ya zama 28. Lokacin da nake ɗaukar iyali da shi wasu suna cewa me ya sa ba na cika hoto da fuska, ga tarkace duk sun shigo. Yau waɗannan tarkacen su muke kallo. Angarib ɗin, gadon igiya, da mahaifiyarmu ke zama a tsakar gida, randar ruwa a inuwa, bishiyar darbejiya, ƙofar ƙarfe shuɗiya, maƙwabcin da ya leƙo ta katanga. Hotunan fuska zalla da aka ɗauka da dogon ido suna da kyau, amma ba su nuna inda mutum yake ba, ana iya ɗaukarsu a ko'ina. 'Ya'yana ƙanana da waɗancan hotunan masu faɗi suke sanin gidanmu. Mu da muke zaman ƙasar wani, yau kana wannan gida gobe iƙama ko aiki ya mai da kai wani, ya kamata mu riƙa ɗaukar ɗakin tare da mutanen cikinsa. Don haka Abu Hanan, ko me za ka saya, ni 28 nake ganin ya fi 38 a hoton iyali.

Garba_Mai_Hoto:
Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan, ya mai da ku gida cikin aminci. Maganarka haka take. Hotunan da na ɗauka a da, waɗanda mutane ke nema yanzu su ne masu titi da shaguna a baya.

Abu_Hanan:
Amin ya Rabbi. Ɗan'uwa maganarka ta shige ni.

BaKano_Madina:
Amin. To in 28 ake so, a kan Canon ɗinsa 17 ko 18 ke nan, mun dawo kan zum ɗin da ke hannunsa. Shi ya sa nake ganin kafin ka kashe ko riyal ɗaya ka yi gwaji biyu, duk kyauta. Na farko, ka buɗe hotunan da ka fi so cikin waɗanda ka ɗauka da 18-55, ka duba bayanan kowanne a kwamfuta, za ka ga milimita nawa ka tsaya. In yawancinsu 18 ne, hannunka yana gaya maka kana son abin da ya fi haka faɗi. In tsakanin 22 da 30 suke, 24 naka ne. Na biyu, ka sa salatif ka ɗaure zoben zum a kan 24, ka yi mako guda ba ka taɓa shi ba, gida da waje. Mako na gaba ka ɗaure a 18. Gani ya kori ji.

Musa_Taif:
Ni tambayata, me ya sa ba wanda ya ambaci filashi? Matsalar majalisi bayan magariba matsalar haske ce. Ka sayi filashi mai juya kai irin Godox TT685 na Canon, ka harba shi silin, silin ɗin gidajen nan galibi fari ne kuma ba tsawo. Hasken ya dawo a tausashe, ka sa 18-55 ɗinka a 18, f/5.6, ISO 400, kowa ya fito garau har na ƙarshen layi. f/2.8 ko f/1.4 ba za su ba ka wannan ba, domin in ka buɗe ido sosai na gaba ne zai fito, na baya ya dushe. Kuɗinka zai iya ɗaukar filashin da 24 ɗin ta hannu gaba ɗaya.

Injiniya_Damam:
Wannan shawara ce mai kyau. Abin lura ga masu karatu: 700D ba ta da matsala, amma 250D da 4000D an cire musu fil ɗin tsakiya a mazaunin filashi, ba kowane filashi na wani kamfani ke tashi a kansu ba. Mai irinsu ya tabbatar kafin ya saya.

Abu_Hanan:
Filashi a walima na yarda. Amma a kasuwa ko Kornish ba zan iya yawo ina walƙa wa mutane haske ba.

Hajiya_Admin:
Tunda an zo nan bari in tunatar, domin ido mai faɗi yana kwaso waɗanda ba ka nufa ba. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar ɗaukar hoto. Ku kiyayi ɗaukar iyalan mutane, musamman mata da yara, balle a ɗora a Instagram ko TikTok. Gine-ginen tsaro da shingayen bincike ma a bar su. Ka duba gefunan hotonka kafin ka danna, ka sake dubawa kafin ka watsa. Mai shago kuma ka yi masa sallama ka nemi izini, mafi yawansu ba sa ƙi.

Sani_Riyad:
Wannan ma wani dalili ne na siririn 24. Kyamarar ba ta jan ido, ba a ɗauke ka ɗan jarida ba.

Takari_Makka:
Tayyib, amma mu koma Balad da ya ambata tun farko. Tun da UNESCO ta sa wurin a jerinta a 2014 ake ta gyara, kuma abin ɗauka a can tsayi ne: gidajen dutsen teku hawa huɗu hawa biyar, rawashin, wato tagogin katako masu fitowa waje, tun daga ƙasa har sama, lungu kuma ƙunci. A gaban Baitu Nasif akwai ɗan fili, za ka iya ja da baya. Amma ka shiga cikin Haratul Mazlum wajen masallacin Shafi'i, 38 rabin gida zai ba ka.

BaKano_Madina:
Haka ne, sai dai a 10mm in ka ɗaga kyamara sama gidan zai yi kamar zai kwanta baya, bangayen su tsuke a sama. Maganinsa ka riƙe ta a miƙe, ka juya ta a tsaye, ka bari ƙasa ta shigo da yawa ka yanke daga baya. Akwai kuma hanyar da mai 24 zai bi: ya ɗauki hoto uku ko huɗu a jere, kowanne ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi ɗaya cikin uku, kwamfuta ta ɗinke su. Gini ba ya motsi, dabarar tana aiki. Kishiyar wannan kuma, kada wani ya zaci faɗi na gyara komai. Marmaron Sarki Fahad daga Kornish, ko Dutsen Uhudu daga nesa, in ka ɗauka da 10mm ƙanƙancewa suke, sama da kwalta su cinye hoton. A nan hamsin ɗinka ya fi.

Musa_Taif:
Wanda zai sayi ta hannu a Jidda ya kula da fumfuna. Laimar garin nan ba irin ta Ta'if ko Riyad ba ce. Ku haɗu da rana, ka zo da kyamararka. Ka cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane ido yana da ita. Amma in ka ga zare-zare fari mai rassa ko hazo a cikin gilashi, ka bar masa kayansa ko nawa ya rage, araha ba ta ado. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ka ɗauki bango mai rubutu a f/2.8 ka duba kusurwa huɗu, in ɗaya ta fi sauran dushewa idon ya taɓa faɗuwa. Kuma ka sani zoben saitin idanun STM, irin 24 ɗin da 10-18, ba ya aiki sai kyamara na kunne, kada ka juya shi a hannu ka zaci ya lalace.

Ummu_Sumayya:
Ƙari a kan laima: in ka fito daga mota ko ɗaki mai sanyin na'ura zuwa Kornish da zafi, gilashin zai yi gumi nan take. Kada ka goge, kada ka cire idon. Ka bar kyamarar a cikin jaka a rufe ta ɗan huce tukuna. A gida kuma kada ka ajiye ta a kabad mai duhu cikin tufafi, ka sa ta a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi.

Sani_Riyad:
Mu a nan ƙura ce abokiyar gabarmu. Ranar da iska ta taso ba a canja ido a waje. Kafaffen ido ba ya zuƙowa yana komawa kamar zum, ƙurar da yake sha ba ta kai ba. In sabo za ka saya kuma ba gaggawa kake ba, ka jira rangwamen Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba ko na Farar Juma'a a Nuwamba, ka gwada farashin Jarir da Amazon da Noon. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka adana, ka tambayi wanda ke da alhakin garanti a cikin ƙasa, don wasu masu sayarwa a intanet daga waje suke turowa.

Abu_Hanan:
Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Malam BaKano, na duba tsofaffin hotuna na kuma ɗaure zoben. A waje 24 ya yi mini daɗi ƙwarai, da yara da kasuwa da bakin teku, har na ga ina matsawa da ƙafa maimakon murɗa zum, hotunan kuma sun fi tsari. A cikin gida kuwa bai isa ba, a 18 ma da ƙyar kowa ke shiga. Zuciyata ta karkata ga 24 da filashi kamar yadda Malam Musa ya ce, in bar 18-55 don taron ɗaki. Amma maganar ɗan'uwanmu na Mai Wurno ba ta bar ni ba. Tambaya ɗaya: in wata rana na koma mara madubi, 24 ɗin ya zama asara?

Injiniya_Damam:
A'a. Da adaftar EF-EOS R yana aiki a kan R50 ko R10 yadda yake a kan 700D, har da saitin kansa. Abin da ba zai hau ba shi ne manyan masu madubi irin 6D da 5D, bakin EF-S ba ya shiga can. Duk da haka ina nan a kan bakana, in ka san za ka koma, gara ka tara kuɗin wuri ɗaya. A kan R50, RF 16mm zai ba ka kusan 26, abin da ka tambaya tun farko ke nan.

Takari_Makka:
Kada ka yanke hukunci sai ka riƙe 10-18 a hannunka. Ina saukowa Jidda ƙarshen mako, ka yi mini magana ta gefe in ara maka ita ka kai gida ka gwada a ɗakin da 18 ta gaza.

Dan_Mai_Wurno:
Ka karɓi aron, ya zol. Ka gwada ta a 16 ko 17 da rana, taga a buɗe.

Sani_Riyad:
Ya gwada, amma na san wadda za ta zauna a kan kyamarar kullum. Kuma filtar 24 milimita 52 ce, ta 10-18 kuwa 67, kada ka sayi filta sai ka tsai da magana.

Aliyu_Dalibi:
Assalamu alaikum malamai, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni Nikon D3500 gare ni, ina karatu a Madina. Wani ya yi mini tayin AF 24mm f/2.8D da araha. In karɓa?

BaKano_Madina:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka dakata. D3500 ba ta da injin saiti a jikinta, idanun da ke da D ɗin nan irin na da kuwa da injin jikin kyamara suka dogara. Zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ka riƙa saitawa. Kai AF-S ko AF-P za ka nema, masu injin saiti a cikin idon kansa. Ninkinku 1.5 ne, 24 zai zama 36. 35mm f/1.8G da ake yawan ba ku shawara 52 yake zama, mai kyau ne amma ba mai faɗi ba. AF-S 24mm f/1.8G da 20mm f/1.8G suna nan, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da ake magana a nan. Mai faɗi mai sauƙin kuɗi a wajenku shi ne AF-P 10-20mm, shi ma zum ne. Nawa ka ware, kuma me ka fi ɗauka?